Littafin Zuriyar Ƙyale-su

Bara mu huɗu muka zo:
ni, da Mantau na Sandamu, da Ɗan'asabe mai ciwon gwiwa,
sai wani yaro da ya biyo mu don ya ji za a raba goro.
Kukar tana nan inda take, gabas da Daura.
Inuwarta ce ta yi mana yawa.

Da can, in gero ya gama shiga rumbu,
filin nan ba ya ɗaukar mu.
Kare sittin, wata shekara har da bakwai a kai,
daga Zango, daga Baure, daga tsallaken iyaka,
kowane da laya a wuya, ɗinkin jar fata.
Babana Nagoma shi ke dubawa.
Ba ya tambayar mai kare komai.
Zai tsuguna, ya shafa ƙirji ya ji zurfinsa,
ya taɓa ciki ya ga ko a ɗame yake,
ya buɗe dasashi, ya murza dagi,
sannan ya ce, "Sake shi in ga tafiyarsa."
Tafiya ba ta ƙarya, in ji shi,
ko da ta mutum ce.

Littafin yana hannuna yanzu,
mai shuɗin bango, gara ta ci gefe.
Da ajami ya fara, na ɗora da boko:
Duna ta haifi Sai-an-gani,
Sai-an-gani ta haifi Ba-ruwanka
wadda ta kā da gada biyu kafin azahar,
har aka sauko kan Ƙyale-su.
Ga ta nan kwance a kan ƙafata,
ja kamar sabon tulu,
siririya, iska ce aka yi wa ƙafafu.

Dajin da muke shiga ya zama gona.
Wanda bai zama gona ba ya zama na masu bindiga.
Zomo ma ya yi ƙaura.
Ɗana Shekarau yana gyaran waya a Kano.
Na ce ya ɗauki kwikwiyo ɗaya,
ya ce mai gidan haya ba zai yarda ba.
Masu kuɗi kuwa sun sayo nasu daga nesa,
gashi kamar na tunkiya, abinci a gwangwani,
rana na take tsaka sai su zube suna haki.

Na tambayi Mantau ina Bakin-mutum,
namiji ɗaya da ya rage a jinin nan.
Ya daɗe yana kallon takalminsa.
"Na ba mai gadin gidan mai," ya ce.
"Tirela ta take shi da azumi."

Ranar, Ƙyale-su ce ta ɗaya,
ita ce kuma ta ƙarshe.
Muka fasa goron, muka watse tun kafin la'asar.

Da damina katangar bayan gida ta zube.
Ban gyara da wuri ba.
Wani baƙin karen mahauta, gajere, kunne guda a karye,
ya samu hanya.
Yau biyar ke tsotso a ƙarƙashin rumbu,
duk gajerun ƙafa, masu faɗin kai.
Babu ɗaya da Nagoma zai tsuguna dominsa.

Amma yaron nan na goro ya dawo.
Tanimu sunansa.
Bai san asali ba, bai kuma tambaya ba.
Jiya ya ɗaga mai farin goshi,
ya shafa ƙirjinta, ya ajiye ta a ƙasa,
ya ja da baya ya ce,
"Baba, tsaya in ga tafiyarta."

Na shiga ɗaki na ɗauko littafin.
Uwa: Ƙyale-su.
Uba:
na daɗe riƙe da biro, har aka kira magariba,
sannan na rubuta,
wani baƙo.